Baturen da Ruwa Ya Ɓata wa Rai

Tun da na ajiye aikin koyarwa a firamare, mutanen layinmu a Dutsin-Ma suka yanke shawara, ba tare da sun tambaye ni ba, cewa duk aikin gida na Turanci da aka ba 'ya'yansu nawa ne. Da la'asar sai ka ji sallama a zaure, yara ne, kowa da littafi a hammata. Wannan an ce ya ja layi a ƙarƙashin aikatau, wancan an ce ya rubuta yadda ya yi hutu, alhali hutun nan kaf a bayan layi ya ƙare shi yana buga ƙwallo. Har zane ake kawo mini, ni da in na zana akuya sai na rubuta sunanta a ƙasa don kada a ɗauka tebur ne. Kullum ina faɗa, ina cewa gobe kada in ga ƙafar kowa. In la'asar ta yi ba su zo ba kuma, sai in leƙa waje in ga ko lafiya.

Gaskiyar magana, gidan ne ya yi mini girma. 'Ya'yana sun watse, kowa yana inda aiki ko aure ya kai shi. Alhaji, maigidana, hatsi da wake yake saye da sayarwa, in ya fita da hantsi sai magariba, in ya dawo kuma hirarsa ba ta wuce buhu. Shi ya sa na tasa yayana a gaba da naci har ya ba ni ɗiyarsa ta zo wurina ta yi sakandare. Shi manomi ne a Ɗantutture, can ƙasar Kurfi, inda aka binne cibiyarmu ni da shi. Sunan mahaifiyarmu yarinyar ta ci, don haka babu mai kama sunan a cikinmu. Uwata nake ce mata, shi ma haka. Ranar da ta zo da 'yar jakarta, gidan ya dawo gida. Na sami wadda zan yi wa faɗa da safe, na sami wadda za ta yi mini dariya in na saka ɗankwali a baibai.

Yayana bai ba ni ita da zuciya ɗaya ba, kuma bai ɓoye ba. Lissafi da kimiyya yarinyar tana cinye su kamar gyaɗa, amma Turanci ya kayar da ita a zangon farko, ya sake kayar da ita a na biyu. Da ya zo cin kasuwa ya ga sakamakon, sai ya naɗe takardar ya miƙo mini.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana in zai tsokane ni, "ni dai na hwaɗa maki. Kin ce Turanci za ta koya gidanki. In wanga zango ma ya kada ta, ta dawo gida. Makaranta akwai ta Kurfi."

Na san yayana. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma janye magana.

Nahawu bai ba ni tsoro ba. Wannan gonata ce, na shekara da shekaru ina nomanta. Na zaunar da yarinyar muka bi shi daki-daki har ya fara zama. Abin da ya zo ya tsaya mana a wuya adabi ne, kuma wata 'yar guntuwar waƙa ce da ko shafi ba ta cika ba.

Ana tsakiyar bazara, zafin nan da ko kaza ba ta son fita, ta dawo daga makaranta fuska a murtuke ta ajiye mini littafi a cinya. Malaminsu na Turanci, wani ɗan bautar ƙasa daga kudu, ya zana mata sifili da jan biro, ƙato, har da ja masa layi biyu. Waƙar wani Bature ce da ya daɗe da mutuwa. Mutum ne tsaye a bakin taga a wani babban birni, ruwa yana zuba tun safe, ganyaye sun zube, titi ya jiƙe, babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. A ƙarshe ya ɗan ambaci wani gida da ya baro a gindin tudu. Tambayar ita ce a bayyana halin da zuciyar mawaƙin take ciki, a kuma faɗi abin da ruwan yake nufi a waƙar.

Na karanta amsarta. Ta rubuta cewa mawaƙin yana cikin farin ciki da godiya ga Allah. Ya tsaya a taga ne yana duba ko ruwan ya isa shuka. Babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa saboda kowa ya tafi gyara sungumi da fitar da iri. Turancin nan tsaf, ko waƙafi ba ta ɓatar ba. Na ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini.

"Uwata, mutumin nan baƙin ciki yake yi."

"Da ruwa, Goggo?"

"Da ruwa."

"Ruwan sama?"

"A'a, na randa! Ruwan sama mana."

Ta dube ni kamar na ce mata akwai masu kuka ranar salla. Malamin ya ce ta sake yi, kuma makin wannan aikin zai shiga sakamakon zango. Wato zaman yarinyar a gidana ya rataya a kan wani Bature da ba ya son ruwa.

Na gyara zama na fara bayani. Na ce mata a ƙasarsu ruwa ba baƙo ba ne, kusan kullum yana nan, ga sanyi, ga duhu. Rana ce abin marmarinsu. In ta fito har tuɓe riga suke yi su kwanta a cikinta.

"Da gangan?" ta ce.

"Da gangan."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Alhaji, da ya dawo da wuri ranar, yana alwala a bakin rariya, ashe kunnensa yana wurinmu. Ya ɗago ya ce, "To a ina suke shanya gero?" Na ce masa ya ji da alwalarsa.

Na sake dabara. Na ce ta tuno wata rana da ruwa ya ɓata mata rai. Ranar da ya jiƙa mata shanya fa? Ta ce ai kayan ƙara fita suka yi. Ranar da katangar maƙwabtansu ta faɗi fa? Ta ce an gina sabuwa da ta fi tsohuwar kyau, har an ci ɗan wake ranar aikin gayya. Ranar da ya tare su a hanyar Kurfi? Ta ce wannan ranar ai ba ta taɓa jin daɗi irin nata ba. Duk ƙofar da na buɗe sai ta rufe ta da murmushi. Raina ya ɓaci. Na ce to ta daina tunani, ta rubuta abin da zan faɗa mata kawai: ruwa a waƙar nan alamar baƙin ciki ne, shi ke nan, a ba ta makinta mu huta.

Ta ajiye biro.

"Goggo, ruwa fa rahama ne. Mutane na can suna roƙonsa. Ni ba zan yi mashi sharri a takarda ba."

Ba sunan mahaifiyarmu kaɗai ta ɗauko ba, har da taurin kan. Na tashi na shiga ɗaki ina sababi ni kaɗai.

Ranar kasuwa yayana ya biyo ta gidanmu don cin abincin rana, Alhaji ma ya dawo tare da shi. Ina zuba musu fura, bakina ya kasa yin shiru, na kai ƙarar ɗiyarsa. Nan take tabarmar ta zama kotu. Yayana ya ce a karanto masa waƙar da Hausa, a hankali, kada a tsallake komai. Na karanta. Da na zo wurin ganyaye sai ya ɗaga ludayi.

"Tsaya. Mi kika ce? Ganye ya zube?"

"Ya zube."

"To ai kaka ce! Ku da kuka yi boko ba ku gani ba? Ruwan kaka ne ya same shi. Bawan Allah ya rore wakenai ya shanya, ruwa ya sauko mashi bisa. Wa zai yi dariya?"

Alhaji ya buga cinya. Ya ce wallahi haka ne, waken da ruwa ya taɓa a shanya baƙi yake yi, ko kyauta ka bayar sai an yi maka tsaki. Ya ce shi ya sa babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar, masu saye sun riga sun ji labari. Ya kawo misalin wani mutumin Karofi da irin haka ta faɗa wa, wanda har yau in hadari ya taso da kaka sai ya hau salati.

Na ce, "Yaya, babu wake a waƙar nan. Mutumin a birni yake."

"Don shina birni sai aka ce bai da gona ƙauye? Alhaji ga shi nan, ina shi ke zaune?"

Yayana ya sha furarsa, ya girgiza kai, tausayi ya kama shi da gaske. Ya ce in akwai hanya a aika wa mutumin da jaje, a ce masa wani manomi a Ɗantutture ya ce Allah ya mayar da alheri. Na ce masa ai mutumin ya mutu tun ba a haifi kakanmu ba.

"Kin ji ko," ya ce. "Waken ne."

Yarinyar tana rakuɓe tana saurare, idonta yana ƙyalli. Wannan baƙin cikin ta gane shi, kuma bai zagi ruwa ba, lokacinsa kawai ya saɓa. A yammacin nan ta cika shafi guda da labarin waken Bature: yadda ya yi noma, yadda ya yi feshi, yadda ya shanya a kan daɓe, yadda hadari ya yi masa ba-zata. Na faɗa mata ba wannan malamin yake nema ba. Ta ce Baba da Alhaji sun yarda. An fi ni yawa a gidana. Na gyara mata nahawun ina gunaguni, ko da yake a raina na san na ji daɗin labarin.

Littafin ya dawo da ɗan maki kaɗan. Malamin ya rubuta cewa Turancinta ya yi kyau ƙwarai, amma yana roƙon a nuna masa layin da waken yake. Ya ba ta dama ta ƙarshe, ta kawo ranar Litinin. Na aika wa yayana saƙo ta bakin wani ɗan acaba cewa wakensa bai karɓu ba. Ya aiko cewa malamin bai taɓa noma ba ne.

A nan dariya ta fara ƙare mini. Na kwana biyu ina duban gadon yarinyar da 'yan takalmanta a bakin ƙofa, ina lissafin yadda gidan zai koma in ta tafi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane, ga tawa ta gagare ni a kan abin da ba a koyarwa da allo.

Ranar Alhamis bayan la'asar gabas ta haɗe. Iska ta taso ta kwashe mini faifai, ƙofofi suka shiga bugawa, sai ga ɗigo manya-manya a kan kwano. Ruwan farko ne na shekarar. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yaran layi suka fito tsirara suna ihu, wata maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa ta kan katanga. Na shiga jan bokitai da baho zuwa ƙarƙashin indararo ina ƙwala kira.

"Uwata! Fito ki kama mini! Ga rahamar taki ta zo!"

Shiru. Na sake kira, shiru. Na shiga ɗakin a jiƙe, da faɗana a baki. Tana tsaye a bakin taga, ta dafa ƙarfen da hannu biyu, tana kallon ruwan yana gudu a kwata. Ba ta juyo ba.

"Goggo, gobe da asuba za su fita shuka."

"Za su fita."

"Wa zai bi bayan Baba?"

Faɗan ya koma ciki. Na san abin da take nufi, don ni ma na bi bayan namu uban. Namiji yana gaba da sungumi yana sara, kai kana biye da ƙwaryar iri, ka jefa, ka rufe da diddige, ka jefa, ka rufe, ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsunka. Tun da ta iya tafiya ita ce mai bin bayansa. Wannan ne ruwan farko da ya taɓa sauka ba ta gida.

Ta share fuska da gefen hijabi, ta jawo littafin, ta zauna a bakin gado. Ba ta tambaye ni ko kalma ɗaya ba. Na koma wurin bokitaina na bar su suka cika suka yi ta zuba.

Kafin magariba ta miƙo mini. Ta rubuta cewa mawaƙin ba ya ƙin ruwa. Ruwan da yake gani ta taga shi ne dai yake sauka a gidan da ya baro a gindin tudu, kuma ya san abin da kowa yake yi a can a daidai wannan lokacin, ya san inda ya kamata a ce yana tsaye. Ta ce ruwa yana kiran mutum gida, in kuwa ba shi da halin tafiya, to kiran ne yake zama baƙin ciki. Ta ce mutum yana iya zama a ɗaki mai kyau, a wurin masu ƙaunarsa, ruwa ya sauko ya tuna masa cewa shi baƙo ne.

Gidan nan na gindin tudu yana cikin waƙar tun ranar farko. Ni da yayana da Alhaji duk mun bi ta kansa mun wuce. Na san ta ci makin tun kafin malamin ya gani. Na kuma ji zafi, zafi sosai. Ina tsammanin da fanka da lantarki da wainar ƙwai na gama mata komai. Ashe amsar da za ta zaunar da ita a gidana ita ce take faɗa mini inda zuciyarta take.

Ranar Asabar da sassafe na ce ta shirya. Muka hau mota zuwa Kurfi, daga nan acaba ya ɗauke mu zuwa Ɗantutture, muna kauce wa taɓo. Littafin yana cikin jakata. A tashar Kurfi na yi tunanin in bar shi a jakar har mu dawo, don na san in yayana ya ji abin da ke ciki yana da hujjar riƙe ɗiyarsa, ko ta ci Turanci ko ba ta ci ba. Amma maganarta ce, kuma ubanta ne.

Mun same su a gona mai nisa, ba su gama ba. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta watsar da takalma, ta karɓe ƙwaryar daga hannun matar babban wanta, ta shiga bayan ubanta kamar jiya ta bari. Na zauna a gindin tsamiya ina kallonsu har rana ta take. Da ya zo shan ruwa na ce ya zauna, akwai sabon bayani a kan mai wakensa. Na karanta masa da Hausa, ban rage komai ba, har wurin baƙon.

Ya daɗe yana kankare ƙasa daga bakin sungumi da ɗan tsinke.

"Ashe ba wake ba ne," ya ce. "Gida ya baro."

"Gida ya baro."

Ya dubi yarinyar can tsakiyar gona.

"Uwata!" ya kira ta. Ta zo da ƙwaryar a kai. "Nan kike so ko can?"

Ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta dube shi. Ta ce tana son ta gama karatunta a wurin Goggo. Ta ce shuka ce dai ba ta son a yi babu ita.

Yayana ya miƙe ya saɓa sunguminsa.

"To kin ji, Malama. Ki riƙe ta. Wanda ya iya hwaɗin kewa da Turanci, a bar shi ya ida abin da ya hwara. Amma duk randa ruwan hwari ya sauka, ki ɗora mani ita bisa mashin. Ko ana jarrabawa."

Na ce ban da jarrabawa. Ya ce to ban da jarrabawa. Da ya ɗan yi gaba sai ya waiwayo ya ce shi fa har yanzu yana ganin akwai wake a maganar, ba a dai rubuta ba ne.

Ranar Litinin malamin ya karanta amsarta a gaban aji. Ta ci Turanci a zangon nan, ta ci gaba da zama a gidana, muna faɗanmu da safe kamar yadda muka saba.

Na cika alkawari kuwa. Kowace shekara da zarar gabas ta haɗe, kafin in ce komai ta riga ta ɗaure 'yar jakarta. In ruwa ya ɗan tsagaita sai in raka ta bakin titi, in ja wa mai mashin kunne, in dawo. Alhaji yana rumfa yana lulluɓe buhunansa, yaran layi suna can suna wasa a ruwa, babu mai tuna aikin gida ranar. Sai in ja bokitaina ƙarƙashin indararo, in shiga ɗakinta, in tsaya a bakin tagar nan ina kallon kwata tana gudu. Duk garin murna ake yi, ni ma ina yi. Amma na daina yi wa Baturen nan dariya, don ni ma a irin wannan yammacin babu mai ƙwanƙwasa mini ƙofa.